Wankin Salga a Gadarif: Yadda Ake Aikin da Kowa Ke Kaucewa

Ranar da aka tsayar da mu gaban ikilisiya aka ɗora mana hannu don tafiya Sudan, abin da ke cikin jakata wa'azi shida ne da na rubuta da hannuna, da littafin waƙoƙi, da babbar riga biyu. Shekarata 51 a lokacin, ina koyarwa a makaranta, ina kuma cikin dattawan majami'armu a ƙasar Malumfashi. Mako bakwai na yi a Gadarif, daga farkon Fabrairu zuwa ƙarshen Maris na 2021, kuma sau ɗaya tak na hau mumbari. Sauran safiyoyin duk a bakin salga na yi su. Matasanmu da ke shirin fita aikin bishara suna yawan tambayata me za su shirya, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta musu wannan, tun da ni babu wanda ya koya mini kafin in tafi.

A watan Nuwamba na 2020 yaƙi ya ɓarke a yankin Tigray na Habasha, mutane sama da 60,000 suka tsallako Sudan, yawancinsu ta garin Hamdayet na kan iyaka, aka zaunar da su a sansanonin Um Rakuba da Tunaidiba cikin Jihar Gadarif. Wanda ciwonsa ya fi ƙarfin asibitin sansani akan kawo shi cikin gari. Wata majami'a ta buɗe harabarta ta zama masaukin irin waɗannan marasa lafiya da masu jinyarsu, mu huɗu kuma aka tura mu mu sa hannu. Mutum wajen arba'in ne ke kwana a wurin, salga uku, wurin wanka ɗaya.

Fara da jaka. Ka rage tufafin ado, ka sa safar hannu ta roba mai kauri wadda ke kai wa gwiwar hannu, har kashi biyu domin ɗaya za ta huje. Ka sa dogon takalmin roba, da tsofaffin kaya kala biyu da ba za ka ji zafi ba in kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya ci launinsu, da takunkumi, da abin yanke farce, da man shafawa saboda hannu zai tsattsage. Ka yi allurar shawara ka riƙe katinta, ka ƙara da ta taifot da ta tetanus. Gidan sauro kuwa ka nemi mai ƙananan ƙofofi wanda aka sa wa magani. Ƙasar Gadarif baƙar laka ce mai dararewa da rani, a cikin tsagar nan wani ɗan ƙwaro da bai kai sauro ba yake ɓuya, shi ke kawo cutar kala-azar.

Da ka isa, kafin ka taɓa tsintsiya, ka nemo wanda ke yin aikin tun ba ka zo ba. Lallai akwai shi. A wurinmu wata dattijuwa ce Bahaushiya, Musulma, kowa Hajja yake kiranta irin na mutanen can, ni kuma Yaya nake ce mata. Gadarif cike take da Hausawa: jikokin alhazan da suka taka da ƙafa zuwa Makka suka zauna a hanya, da zuriyar waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, wasunsu suka kafa Mai Wurno a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar. A gonakin dawa da riɗi na jihar, a kasuwa, har mai jakin da ke kawo mana ruwa cikin ganga, da Hausa muke gaisawa, sai dai tasu ta sha Larabci.

Safiyar farko na ɗauki tsintsiya na nufi bayan gida, sai ta tare ni.

"Malam, ajiye. Baƙo ba ya shara, balle mai furfura."

"Yaya, aikin da aka aiko ni ke nan."

Ta yi shiru tana kallon safar hannuna sabuwa fil. Can ta ce, "To in ku kun yi kyauta, mu me za mu ci?"

Wannan tambaya ta tsaya mini a rai har yau. Ni ina ganin ƙasƙantar da kai na zo yi, ita kuwa tana ganin mai shirin cire mata tuwo daga baki, kuma ita ke da gaskiya. Saboda haka abin da za ka fara yi shi ne ka je wurin shugaban masaukin, a gaban mai aikin, a faɗa a fili cewa ladanta na nan ba a taɓa ko sisi ba, ita ce shugabar aikin, kai ɗan hannunta ne. Haka muka yi. Ta ɗauki ɓangaren mata, ta ba ni salgar maza da ɗaukar ruwa da fita da bokitan marasa lafiya maza. Daga ranar, abin da ta ce shi nake yi, ko da na karanta wani abu dabam a takarda, sai in akwai haɗari ga lafiya, shi ma a keɓe nake faɗa mata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ita ta san wace salga ce bakinta ya fara zaftarewa, wane lokaci ƙuda ke tashi, wane yaro ne ke tsoron rami yana zagayawa baya.

Ga yadda ta koya mini wankin. Ana farawa da sassafe, tana idar da sallar asuba, domin a watan Maris kafin hantsi zafi ya kama hanyar digiri 40, wari kuma yana tashi da rana. Ka yi sallama ko gyaran murya kafin ka tura ƙofa, ko kana da tabbacin babu kowa. Daga wuri mai tsabta ake nufar mai dauɗa, daga sama ake gangarowa ƙasa: marikin ƙofa da sakata, buta, bango daidai inda hannu ke dafawa, daɓe, sannan bakin rami a ƙarshe. In ka fara da rami, da hannunka za ka raba ƙazanta ko'ina. Ka kwashe abin da ke ƙasa da shebur, ka wanke da ruwan sabulu tukuna, domin kulorin ba ya aiki sosai a kan dauɗa. Bayan nan ka yayyafa ruwan kulorin ka bar shi kamar minti 10 ba tare da ka goge ba. Ka zuba toka gwangwani ɗaya cikin ramin, ka rufe da murfi. Toka tana rage wari da ƙuda, kuma kyauta ake samunta a murhu, sai dai ka roƙi mai girki ta tara maka. Kada ka bar buta babu ruwa. Kada ka bar wurin wanke hannu babu sabulu, in ana ɗauke shi ka huda shi ka rataye da igiya.

Maganar kulorin sai an natsu, don a nan ake cutuwa. Ƙarfi uku ake haɗawa. In garin kulorin ne mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, babban cokali biyu a shafe cikin lita 1 na ruwa shi ne kashi 2 cikin ɗari, na kashi da amai ke nan. Cokali biyun nan cikin lita 10 shi ne kashi 0.2, na daɓe da bango da gado da takalmi. Cokali ɗaya cikin lita 20 shi ne kashi 0.05, na wanke hannu. In na ruwa ne na kwalba, ƙarfinsa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, ka kai wa ma'aikacin lafiya ya lissafa maka. A bokitin roba ake haɗawa, domin yana cin ƙarfe, a rufe a ajiye a inuwa, marasa ƙarfin guda biyu kuma kullum ake sabuntawa. Mu tsumma muka ɗaura wa kowane bokiti, ja da rawaya da fari, saboda har wanda bai iya karatu ba ya gane. Kada ka kuskura ka gauraya kulorin da wani maganin wankin masai, musamman mai ruwan asid. Hayaƙin da zai tashi yana ƙona huhu, a ɗan ƙaramin ɗaki kuwa yana iya kayar da mutum. Kuma duk abin da ya faɗa rami, waya ce ko maɓalli, ya tafi ke nan. Ba a shiga ramin salga, iskar ciki tana kisa, bakinsa kuma yana iya ruftawa.

Ruwa a can saye ake yi, ganga-ganga. Ma'aunin da masu aikin agaji ke bi shi ne aƙalla lita 15 ga kowane mutum a rana, da salga ɗaya ga mutum 20. Ruwan ɗaurayar wanki shi muke tarawa mu yi wankin farko na daɓe da shi.

Tashin zuciya zai zo, kada ka ɗauka rashin bangaskiya ne. Ka ɗan sa wani abu a ciki kafin ka shiga, ko shayi da gutsuren burodi, domin cikin da babu komai ya fi saurin juyawa. Ka ɗiga man zafi kaɗan a takunkumi. In amai ya taso ka fita ka yi, ka kurkure baki, ka koma ka ƙarasa, kada ka bar wa wani rabin aiki. Ni kwana huɗu na yi kafin hancina ya saba.

Abin da ya fi hanci wuyar horarwa fuska ce, a nan kuma na yi laifin da ban manta ba. Akwai wani tsoho daga Tigray da aka yi wa aiki a ciki, ba ya iya tashi, a kan gadon igiya irin wanda suke kira angareb yake kwance ƙarƙashin rumfa. Ba ya jin Larabci, ni ba na jin yarensa. Ɗansa ya koma sansani karɓar abinci, sai ɗaukar bokitinsa ya dawo kaina. Da na buɗe murfin, wari ya buge ni, na yamutsa fuska na kau da kai. Bai fi ƙiftawar ido ba. Washegari aka kawo masa abinci ya ƙi ci, aka ba shi ruwa ya ɗan jiƙa leɓe ya ture. Mun zaci ciwon ne ya tashi. Hajja ce ta ja ni gefe da yamma ta ce, "Malam, ba ciwo ba ne. Kunya ce. Ya ga fuskarka jiya, ya hana cikinsa don kada ya sake ba ka wahala." Mutumin da likita ya ce ya yawaita shan ruwa, ga shi ya wuni da ƙishi a zafin Gadarif saboda ni.

Na wanke hannu, na cire takunkumi, na ɗebo ruwa daga randa na zauna a ƙasa kusa da gadonsa. Na sha rabi, na miƙa masa sauran da hannu biyu. Ya daɗe yana kallona kafin ya karɓa. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ga mara lafiyar da ba ya iya kai kansa bayan gida kuwa, har abincinsa da ruwansa suna rataye da ita.

Saboda haka ga yadda za ka yi da bokitin mara lafiya. Ka gaishe shi tukuna, ka kira shi Baba ko Yaya ko duk kalmar girmamawa da ka koya a yarensa. Ka gama shirya fuskarka tun kana waje. Ka kare shi da zane daga idon mutane. Ka zuba ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 2 kamar kaurin yatsa a gindin bokitin kafin ka ajiye masa, bayan ya gama ka ƙara, ka rufe, ka bar shi minti 15 a sarari sannan ka juye a rami. Ka fita da shi a rufe, ta bayan rumfa, ban da gudu, ban da riƙe shi nesa da jiki kamar ka kama maciji. Ka dawo masa da ruwa da sabulu ya wanke hannu. Ka ɗan tsaya bayan nan ko na minti biyu, don kada ya zama abin da ya haɗa ku bokiti ne kawai. Namiji ya yi wa namiji, mace ta yi wa mace, kada ka ce gaggawa ta sa ka keta wannan sai in rai ne ke hannun Allah. Kuma abin da ka gani a jikin mutum ya tsaya a wurinka, ko a taron addu'a kada ka kawo shi da sunan roƙo.

Akwai kuma haƙƙin waɗanda za ka ci abinci da su. A Sudan karin kumallo, wanda suke kira fatur, sai wajen ƙarfe 10 ko 11 ake yinsa, kowa ya kewaye babban faranti ɗaya na wake da burodi ko kisra, wato wainar dawa irin tasu, a sa hannu. Duk sun ga inda ka fito. Ba za su ce maka komai ba, amma za ka lura gefenka na farantin ba a kusantarsa. Kada ka ji haushi, kai ma da haka za ka yi. Ka yi wanka, ka sauya kaya gaba ɗaya, ka bar takalmin aiki can nesa, sannan ka sake wanke hannu da sabulu a gabansu inda kowa ke gani. Farce kullum a yanke. Aikin dauɗa ka saba wa hagu da shi iyakar iyawarka, dama ta ci da gaisuwa ce.

A mako na uku wata cuta ta kama ni wadda ba ta jiki ba. Na fara ƙirga wanda ya zo bayan gida da wanda bai zo ba. Ɗaya daga cikin abokan tafiyata kullum lokacin wanki ne addu'arsa ke tsawo. Ina goge daɓe ina shari'a da shi a zuci, har na fara jin na fi shi. Girman kai yana iya ɓuya cikin bokitin salga kamar yadda yake ɓuya cikin babbar riga. Maganin da na gani guda biyu ne. A rubuta jerin aiki a manna a bango tun makon farko, da sunan kowa har shugaban tafiya. In kuma wani yana zamewa, ka same shi ku biyu ka faɗa masa da bakinka, kada ka bari ya ji a bakin wasu. Da na yi haka sai ya gaya mini yana da ciwon asma, warin kulorin yana toshe masa numfashi, kunya ta hana shi faɗa. Ya koma wanke tukwane da ƙona shara, aikin da ni hayaƙinsa nake gudu.

Ka bar waya a ɗaki. Na san masu ba da gudummawa a gida suna son ganin hoto, amma in za ka ɗauka, ka ɗauki hoton randa, da rumfa, da bokitai a jere. Hoton ka da tsintsiya a Facebook ya riga ya biya ka ladanka, Ubangiji ya yi gargaɗi a kan wannan a Matiyu sura 6. Hoton mara lafiya a kwance kuwa cin mutunci ne, ga ɗan gudun hijira ma yana iya jawo wa danginsa da ke can gida haɗari.

Kada kuma ka mai da hidima ƙugiya. Mutumin da ke kwance yana jiran ka fitar masa da bokiti ba shi da ikon ce maka ka yi shiru, don haka ba lokacin wa'azi ba ne. Mutanen Tigray ɗin yawancinsu Kiristocin Otodoks ne da suka riga kakanninmu sanin Almasihu da ɗaruruwan shekaru. Hausawan garin kuwa Musulmi ne, da yawansu ba su taɓa zama da Bahaushe Kirista ba. Wata rana mai jakin ruwa ya tambaye ni, "Malam, da girmanka, me ya kai ka wannan?" Na ce masa Yesu Almasihu da nake bi ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa a daren da za a bashe shi, ya ce mu yi wa juna haka. Ya gyaɗa kai ya ce Allah ya ba da lada, na ce amin, muka sauke ganga. In an tambaye ka ka amsa da gaskiya, gajere, ba tare da taɓa addinin mai tambaya ba. Ka kuma bi dokar ƙasar da shawarar ikilisiyar da ta karɓe ka, domin kai za ka hau jirgi, su za su zauna da abin da ka bari.

Lokacin da gwiwa ta yi sanyi, wurare biyu nake komawa. Ɗaya Maimaitawar Shari'a 23:12-14, inda aka umarci Isra'ilawa su keɓe wuri a bayan zango, kowa ya riƙe abin tono ya rufe bayan gidansa, dalili kuwa shi ne Ubangiji yana yawo a tsakiyar zangon. Shekaru ina karanta Littafi Mai Tsarki ban taɓa jin an yi wa'azi a kan ayoyin nan ba, sai a Gadarif na gane tsabtar salga tana cikin tsarkin jama'ar Allah. Na biyu kakana ne. Ya yi jinyar kuturta a Babbar Ruga kusa da Katsina, ɗaya daga cikin asibitocin kutare da mishan ɗin SIM ta riƙe tun ƙarshen shekarun 1930, tare da Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato. Bai taɓa ba mu labarin wani wa'azi da ya ji a can ba. Labarinsa kullum na hannun da ke wanke masa gyambo ne kowace safiya lokacin da 'yan'uwansa ba sa cin abinci da shi. Ta hannun nan bangaskiya ta shigo gidanmu.

Ka huta kuma. Ka riƙa shan ruwa tun ƙishi bai kama ka ba, in gudawa ta same ka ka haɗa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 na tsabtataccen ruwa, ka faɗa wa ma'aikacin lafiya, ka nisanci kicin da marasa lafiya har ka warke. Wanda ya ɓoye ciwo don a ce yana da himma, masaukin duka zai zuba wa.

Satin ƙarshe na miƙa aiki ne. Ka bar takalmi da safar hannu da ragowar kulorin, ka tabbata akwai wanda zai ci gaba da sayen sabulu, in ikilisiyarku za ta aika kuɗi, ka sa ladan mai shara a sahun farko. Mun tafi da shekara biyu yaƙi ya ɓarke a Sudan, ranar 15 ga Afrilu 2023, Gadarif ta cika da masu gudu daga Khartum, a watan Satumba na shekarar kuma aka ayyana ɓarkewar kwalara a jihar. Tun daga nan labarin Hajja ya yanke mini, ina dai sa ta a addu'a ita da jikokinta. Ana gobe za mu tashi daga Gadarif, jikanta ya ɗauko gawayi ya rubuta ma'aunin nan uku da Larabci a bangon wurin wanka, ita tana faɗa masa daga ka: ja, cokali biyu a lita ɗaya, rawaya, cokali biyu a lita goma, fari, cokali ɗaya a jarka mai lita ashirin.